Yadda Za Ka Amsa Idan Hukumar SSA Ta Ce Za Ka Iya Aikin Shara Alhali Ba Ka Jure Hulɗa da Mutane

Wanda ya nemi kuɗin tallafin nakasa a Amurka saboda ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko firgicin da ke biyo bayan wani mummunan abu da ya taɓa samunsa, yakan ci karo da wata amsa guda a takardar hukunci. Hukumar SSA, wato hukumar gwamnatin Amurka da ke kula da shirye-shiryen biyan tallafin nakasa guda biyu, SSDI da SSI, za ta yarda cewa ba ya iya cuɗanya da jama'a yadda ya kamata, sannan ta ce duk da haka akwai aikin da zai iya, ta kuma ambaci mai gyaran ɗakunan otal, ko mai shara a masana'anta, ko mai goge-goge a asibiti. Tunanin da ke bayan wannan amsa shi ne mai shara da tsintsiya da bokiti yake hulɗa, ba ruwansa da kowa. A takarda maganar tana da kyau, amma duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki ya san cewa akwai mai duba aiki da ke bin ɗaki-ɗaki, akwai baƙon da ke buɗe ƙofa yana neman tawul, akwai kuma abokin aiki da ake jira a wurin ɗaukar zanen gado. Aikin mai nema shi ne ya sa wannan gaskiya ta shiga cikin fayil ɗinsa ta hanyar da dokar hukumar ta san da ita, domin alƙalin hukumar da ke sauraron shari'ar ba ya yanke hukunci da abin da ba a rubuta ba.

Inda maganar shara ke shigowa

Hukumar tana bin matakai biyar. Tana duba ko kana aikin da ke kawo kuɗi sama da wani adadi, ko lalurarka mai tsanani ce wadda ta ɗauki wata 12 ko ake sa ran za ta ɗauka, ko ta kai matsayin cututtukan da ke cikin jerin hukumar, ko za ka iya komawa aikinka na baya, sannan ko akwai wani aiki daban da ke da yawa a faɗin ƙasar wanda za ka iya. A matakai huɗu na farko nauyin kawo hujja yana kanka. A na biyar ya koma kan hukuma, ita ce za ta nuna cewa irin wannan aiki yana nan, kuma a nan ne ake kiran masanin sana'o'i ya ba da shaida a gaban alƙali. Idan kai da kanka ka yi aikin shara cikin shekara biyar da suka wuce, maganar za ta taso tun a mataki na huɗu. Kafin watan Yunin 2024 shekara 15 ake dubawa baya, yanzu an rage zuwa biyar, kuma aikin da aka fara aka bari kafin ya cika kwana 30 ba a lissafa shi cikin aikin baya.

Dalilin da ya sa shara ke yawan fitowa a bakin masana ba ɓoyayye ba ne. A ma'aunin hukumar, aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa shi ne wanda ake iya koyo cikin kwana 30 ko ƙasa da haka, kuma ayyukan shara suna cikin wannan rukuni, ga su da yawa a kowace jiha. Mai gyaran ɗakunan otal yana cikin aiki marar nauyi, inda ake ɗaga abin da bai wuce fam 20 ba, wato kusan kilo 9. Mai shara a masana'anta da na asibiti suna cikin aiki matsakaici, inda nauyin ke kai fam 50, kusan kilo 23. Saboda haka ko jikin mai nema yana da ƙarfi ko yana da ɗan rauni, akwai aikin shara da za a iya ɗora masa. Tun daga watan Afrilun 2020 kuma hukumar ta daina lissafa rashin jin Turanci a matsayin abin da ke rage wa mutum damar samun aiki, don haka kada ka dogara da wannan a matsayin kariya.

Fara da kalmomin da aka siffanta ka da su

Kafin a kai ga mataki na huɗu, alƙali yana rubuta abin da ya rage maka na iya aiki, wanda ake taƙaitawa da RFC. Wannan ɗan sakin layi shi ne ginshiƙin shari'ar, domin da shi ake yi wa masanin sana'o'i tambaya, kuma amsar masanin ba ta wuce abin da aka tambaye shi. Ƙa'idar hukumar mai lamba 96-8p ta ce abin da ake aunawa shi ne abin da za ka iya yi awa takwas a rana, kwana biyar a mako, a kai a kai. Iya jure mutane rana ɗaya da ka tashi da sauƙi bai cika wannan sharaɗi ba.

Kalmomin yawan lokaci suna da ma'ana tsayayya a wannan fanni, kuma wajibi ne ka san su. Idan aka rubuta cewa kana iya hulɗa lokaci-lokaci, ana nufin har zuwa kashi ɗaya cikin uku na ranar aiki, wato kusan awa biyu da minti arba'in. Idan aka ce akai-akai, daga kashi ɗaya cikin uku ne zuwa biyu cikin uku. Mutane da yawa sukan ji an ce lokaci-lokaci su ɗauka an tausaya musu, alhali awa biyu da rabi na magana da mutane kowace rana ya fi ƙarfin wanda ƙwanƙwasa ƙofa kaɗai ke tayar masa da bugun zuciya. Kusan duk ayyukan shara suna shiga cikin wannan iyaka ba tare da wahala ba, shi ya sa da zarar an rubuta kalmar ita kaɗai, masanin zai lissafo ayyuka uku cikin minti ɗaya.

A ganina babban kuskuren da ake yi a nan shi ne barin maganar ta tsaya a kan yawan lokaci. Yawan hulɗa daban, irin hulɗar daban. Mutum zai iya gaisawa da abokin aiki sau goma a rana ba tare da wata damuwa ba, amma ranar da mai duba aiki ta ce masa ya koma ya sake wanke ban-ɗakin da ya gama, sai ya fashe da kuka, ko ya tada murya, ko ya ajiye kayan aiki ya tafi gida. Wannan gyara bai ɗauki minti biyu ba, bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin uku na rana ba, amma shi ne ke raba mutum da aikinsa. Saboda haka idan likitocin da hukuma ta sa su duba fayil ɗinka sun rubuta cewa ya kamata hulɗarka ta tsaya a ta sama-sama ko gajeriya, ka lura ko alƙali ya ɗauki wannan ko ya musanya shi da lokaci-lokaci ba tare da bayani ba. Kotunan tarayya sun sha bamban a kan ko dole ne a rubuta duka biyun, amma da yawa daga cikinsu sun yarda cewa ɗaya yana auna yawa, ɗayan yana auna iri, kuma alƙalin da ya watsar da ɗaya ya kamata ya faɗi dalili.

Haka nan ka kasa mutanen kashi uku, kamar yadda hukumar kanta take yi: jama'ar waje, abokan aiki, da shugabanni. Ana iya samun aikin shara da babu jama'ar waje a cikinsa, kamar sharar ofis da dare. Ana iya samun wanda abokan aiki ba su da yawa. Amma aikin da babu mai ba da umarni da mai gyara kuskure babu shi, don haka iyakar da ta shafi shugabanni ita ce mafi nauyi a cikin ukun, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a rubutu.

Karanta abin da kundin sana'o'i ya ce da kanka

Har yanzu masana suna ambaton ayyuka da lambobinsu na kundin sana'o'in Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, wanda aka fi sani da DOT. An yi masa gyara na ƙarshe a 1991, kuma bayanan ayyuka da dama a cikinsa sun girmi wannan shekara. Kowane aiki yana da lamba mai alƙaluma tara, kuma ukun tsakiya suna nuna yadda ma'aikaci ke hulɗa da bayanai, da mutane, da kayan aiki. Mai gyaran ɗakuna lambarsa 323.687-014, mai shara a masana'anta 381.687-018, na asibiti kuma 323.687-010. Ka lura dukkansu suna da 8 a alƙalami na biyar. Wannan shi ne mataki mafi ƙasa a ma'aunin hulɗa da mutane, wanda ya fara daga 0 ya ƙare a 8, kuma ma'anarsa karɓar umarni da taimakawa. Lauyoyin hukuma sukan nuna wannan 8 ɗin su ce ga shi nan, aikin ba ya buƙatar mutane. Kotuna da yawa sun karɓi wannan hujja, don haka kada ka raina ta.

Sai dai akwai abubuwa biyu da za ka iya fitarwa daga kundin. Na farko, sunan matakin kansa ya ƙunshi karɓar umarni, wato ko a mafi ƙanƙantar hulɗa akwai shugaba da ake saurara. Na biyu, bayanin aikin mai gyaran ɗakuna, bayan ya lissafa gyaran gado da ninke zannuwa da sake kayan amfani a ɗaki, ya ambaci karɓar ajiyar rigunan baƙi da yi musu hidima. Idan alƙali ya rubuta cewa ba ka iya hulɗa da jama'ar waje ko kaɗan, sannan masanin ya kawo wannan aiki, ga saɓani a fili da ya kamata a tambaya. Wasu kotuna sun mayar da shari'a saboda ba a warware shi ba, wasu kuma sun ce hidimar ba ta cikin ainihin aikin. Bayanin mai shara a masana'anta shi ma ya ambaci kai kayan aiki ga masu sarrafa injuna daga sashe zuwa sashe, wanda ke nufin shiga cikin ma'aikata da daidaita lokaci da su. Na asibiti kuwa ɗakunan marasa lafiya yake sharewa, kuma ba kullum ɗakin ke zama babu kowa ba.

Ka haɗa wannan da ƙa'idar hukumar mai lamba 85-15, wadda ake yawan ambato rabi a bar rabi. Gaskiya ne ta ce ayyukan da ba sa buƙatar ƙwarewa galibi da kaya ake hulɗa a cikinsu fiye da mutane. Amma ita ce kuma ta ce ko mafi sauƙin aiki yana buƙatar mutum ya fahimci umarni mai sauƙi ya aiwatar, ya mayar da martanin da ya dace ga shugabanni da abokan aiki da al'amuran yau da kullum na wurin aiki, ya kuma jure canje-canje, sannan ta ƙara da cewa babban rashi a ɗaya daga cikin waɗannan yana rage ayyukan da mutum zai iya ƙwarai, har ya kai a same shi da nakasa. Littafin aikin ma'aikatan hukumar, a sashe na DI 25020.010, ya faɗaɗa wannan: iya aiki kusa da wasu ba tare da hankali ya rabu ba, iya yin tambaya mai sauƙi ko neman taimako, karɓar umarni da jure suka daga shugaba, da zama da abokan aiki ba tare da nuna halin da ya wuce kima ba. Waɗannan su ne kalmomin da ya kamata hujjarka ta amsa ɗaya bayan ɗaya.

Tara hujja da abin da ya faru, da rana da wuri

Fom ɗin bayanin rayuwar yau da kullum, SSA-3373, yana tambaya ko kana samun matsala da masu iko, da ko an taɓa korarka daga aiki saboda rashin jituwa da mutane. Yawancin masu nema sukan amsa da kalma biyu, wasu don kunya, wasu don ba sa son a ga kamar suna kai ƙarar kansu. Na fahimci wannan kunya, kuma ban ga laifin mai jin ta ba, amma fom ɗin ba wurin rufa wa kai asiri ba ne. Rubuta abin da ya auku. A ce wata mata ta yi aikin gyaran ɗakuna wata biyu: ta rubuta cewa duk safiya ana taron raba ɗakuna na minti goma kuma takan ɓuya a ɗakin ajiya har a watse, cewa sau uku ta bar ɗaki ba ta gyara ba saboda ta ji motsin baƙo a ciki, cewa ranar da aka gyara mata aiki a gaban wasu ta tafi ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu, kuma a mako na takwas aka sallame ta. Irin wannan bayani ya fi shafi guda na cewa ba na son mutane, domin yana nuna wa alƙali daidai wurin da aikin ya karye.

A fom ɗin tarihin aiki, SSA-3369, ka bayyana yadda ka yi aikin a zahiri. Idan wani ɗan'uwa ne ya ɗauke ka, yana barinka ka zo bayan kowa ya tashi, yana kuma kau da kai idan ka yi fashi, faɗi haka, domin aikin da aka yi cikin rangwame na musamman ba ya nuna cewa za ka iya aiki a kasuwar ƙwadago ta gama-gari. A mataki na biyar ma hukumar ba ta lissafa sassaucin da wani mai ɗaukar aiki zai iya yi maka don alheri ko don bin dokar kare masu nakasa. Aikin da lalura ta tilasta ka bari cikin wata shida ko ƙasa da haka ana iya ɗaukarsa a matsayin yunƙurin da bai yi nasara ba, kuma irin wannan yunƙuri hujja ce a gare ka. Takardar gargaɗi, takardar sallama, da saƙon da shugaba ya aiko yana tambayar inda ka shiga, duk ka ajiye su. Wanda kuke zaune tare yana iya cike fom SSA-3380 ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Sai maganar likita. A buƙatun da aka shigar daga 27 ga Maris 2017, hukumar ba ta fifita ra'ayin likitanka don kawai shi ke duba ka. Abin da take dubawa shi ne ko ya kafa ra'ayinsa a kan abin da ya gani ya rubuta, da ko ra'ayin ya dace da sauran fayil. Saboda haka wasiƙar da ta ce wannan mutum ba ya iya aiki ba ta da amfani sosai, domin wannan hukunci na hukuma ne. Roƙi likitan ko mai ba ka shawara ya amsa tambayoyi ƙanana: minti nawa kake iya zama kusa da wasu kafin alamun ciwo su taso, me ke faruwa idan aka gyara maka kuskure, tsawon wane lokaci kake ɗauka kafin ka dawo hayyacinka, kwana nawa a wata ake sa ran za ka kasa fita. Ka kuma sani cewa alƙalai sukan ɗauko kalmomin da likitoci ke rubutawa a kowace ziyara, irin su yana da ladabi, yana ba da haɗin kai, su ce ga shaida cewa kana iya hulɗa. Amsar ita ce minti ashirin a ɗaki shiru tare da wanda aka horar don ya kwantar maka da hankali ba daidai yake da awa takwas a ƙarƙashin mai ƙirga ɗakunan da ka gama ba, kuma ya fi kyau likitan ya rubuta wannan bambanci da hannunsa. Dokokin hukumar game da lalurar ƙwaƙwalwa sun yarda cewa iya yin abu a wuri mai tallafi ba ya nuna iya yinsa a wurin aiki.

Duk hujjar da kake da ita ka miƙa ta, ko ka sanar da alƙali da ita, aƙalla kwanakin aiki biyar kafin ranar zaman sauraron shari'arka. Ana aiko da sanarwar zaman kwana 75 kafin ranar, don haka akwai lokacin shiri. Idan Turancinka bai kai ka bayyana abin da ke ranka ba, nemi tafinta, hukumar tana bayarwa kyauta.

Tambayoyin da za a yi wa masanin sana'o'i

Wannan shi ne wurin da shari'o'i da yawa ke faɗuwa cikin shiru. Alƙali zai siffanta wani mutum na misali mai shekarunka da iliminka da iyakokin da ya zaɓa, masanin ya ambaci ayyuka da adadinsu, sannan a juyo a tambaye ka ko wakilinka, wato lauya ko wani da ke tsaya maka, ko akwai tambaya. Daga 6 ga Janairun 2025 ƙa'ida mai lamba 24-3p ta maye gurbin tsohuwar 00-4p. A da, wajibi ne alƙali ya binciko saɓani tsakanin shaidar masanin da kundin DOT ya warware shi. Yanzu masanin yana iya dogara da duk wata majiya amintacciya, sai dai ya faɗi majiyar da kuma yadda ya ƙiyasta adadin ayyuka, kuma hukumar ta bayyana cewa tana sa ran wakilin mai nema ya kawo ƙorafinsa a lokacin zaman. Abin da ba a tambaya a ranar ba yana da wuyar tayarwa daga baya.

Fara da lokacin koyon aiki, domin a nan hujjar hukuma ta fi rauni. Tambayi masanin yadda ake koya wa sabon mai gyaran ɗakuna aiki, ko ana haɗa shi da tsohon ma'aikaci su yi tare, kwana nawa, kuma a waɗannan kwanaki kashi nawa na rana yake tare da mai koya masa. Masana da yawa za su amsa cewa a kwanakin farko hulɗar ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Daga nan sai tambaya ta biyu: mutumin da ba ya iya wuce lokaci-lokaci da shugabanni, zai iya kammala wannan koyo? Wanda bai iya tsallake makon farko ba ba zai kai ga ranakun da ake aiki shi kaɗai ba. A shari'ar Sczepanski ta 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na biyu ta yanke cewa iya kammala lokacin gwajin sabon ma'aikaci yana da alaƙa da ko mutum zai iya aikin. Maganar fashin zuwa aiki ce ta kai ga wannan hukunci, kuma yana ɗaure jihohin yankin ne kawai, wato New York da Connecticut da Vermont, amma dalilin da ke cikinsa ana kawo shi a wasu wurare.

Bayan haka ka koma kan gyaran kuskure. Tambayi sau nawa ake duba aikin mai shara a rana, da abin da mai ɗaukar aiki zai yi da ma'aikacin da ke barin wurin aiki na rabin awa duk lokacin da aka yi masa gyara, ko wanda ke tada murya ga shugaba sau ɗaya a wata. Tambayi kwana nawa na fashi ake jurewa a wata, da kashi nawa na rana ake yarda mutum ya kasance ba ya kan aiki. Ka tabbata kowace tambaya tana da madogara a fayil, domin alƙali ba ya bin amsar da aka gina a kan iyakar da babu likitan da ya faɗa.

Sannan adadi. Idan masanin ya ce akwai ayyuka dubu ɗari da wani abu na gyaran ɗakuna, tambaye shi nawa ne daga ciki ake yi ba tare da haɗuwa da baƙi ba, nawa ne na cikakken lokaci, nawa ne ake yi bibbiyu ko cikin ƙungiya, kuma daga ina ya samo rabon. Idan ya ce ai akwai na dare, tambayi ko adadin da ya bayar na dare ne kaɗai ko na duka. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yana gudanar da wani bincike mai suna ORS, wanda ke tattara bayani a kan ko ma'aikata suna hulɗa da jama'a, ko suna aiki cikin cunkoso, sau nawa suke magana da wasu saboda aiki, da sau nawa ake duba aikinsu. Bayanan a buɗe suke ga kowa a intanet, kuma sun fi kundin 1991 kusa da yadda ake aiki yau, don haka ya dace a tambayi masanin ko ya duba su, idan kuma amsarsa ta saɓa musu, me ya sa. A shari'ar Biestek ta 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙin miƙa takardun da masanin ya dogara da su ba ya rushe shaidarsa kai tsaye, ana duba kowace shari'a da yanayinta. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne raunin shaidar sai an fito da shi ta hanyar tambaya, a kuma naɗe shi cikin rikodin zaman.

Idan masanin ya faɗi abin da ba ku yi tsammani ba, nemi alƙali ya bar fayil a buɗe na wasu kwanaki domin ku miƙa amsa a rubuce. Wakili ba dole ba ne, amma a wannan mataki yana da amfani ƙwarai, musamman ga wanda ciwonsa shi ne fuskantar mutane. A yarjejeniyar da aka saba, ana biyansa ne idan an yi nasara, kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tallafin watannin baya da suka taru, kuma akwai iyakar da hukuma ta sa wadda ba a wucewa.

Idan hukunci ya fito ba a amince ba

Kana da kwana 60 daga ranar da takardar ta iso ka nemi majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar ta sake dubawa, kuma ana ɗauka ta iso kwana biyar bayan ranar da ke jikinta. Bayan majalisar sai kotun tarayya, ita ma cikin kwana 60. Karanta hukuncin da alƙalami a hannu, ka gwada wurare uku da juna. Duba abin da alƙali ya ce game da hulɗa da mutane a mataki na uku, inda ake ba da matsayi daga babu matsala, zuwa kaɗan, matsakaici, mai tsanani, da matuƙa. Duba ko wannan matsayi ya bayyana a cikin RFC, kuma ko ya shafi rukunan mutane uku ko jama'ar waje kaɗai. Sannan duba ko tambayar da aka yi wa masanin ta ƙunshi duk abin da ke cikin RFC. Idan alƙali ya ce ra'ayin wani likita ya gamsar da shi amma ya bar iyakar da likitan ya sa game da shugabanni, rubuta shafin da likitan ya faɗa da shafin da alƙali ya tsallake. Idan masanin ya amsa cewa lokacin koyo ya wuce iyakarka kuma hukuncin bai ce komai a kai ba, nemi rikodin zaman, ka nuna daidai minti da aka yi maganar, ka sa shi a farkon takardar ɗaukaka ƙararka.